Ni ne Wazirin da kowa ya ƙi

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu, musamman waɗanda suka zo mana Ibadan a makon jiya. Rubutun nan zai yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. Tun Litinin ake ta tambayata yadda muka shirya taron nan, 'yan Akure ma sun ce baɗi su za su karɓa. Na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Sannan akwai mutanen da zan ba haƙuri, kuma a gaban jama'a nake so in yi, tunda a gaban jama'a na yi musu laifin.

Kun san yadda ranar al'adarmu take duk shekara. A sa babbar riga, a naɗa rawani, 'yan mata su yi lalle, a dama fura, abokanmu Yarbawa su zo a yi hoto, a watse. Bana a wajen mitin wani yayanmu da ke digirin digirgir a tarihi ya ce shi fa ya gaji. Ya ce duk shekara muna nuna wa mutane kayan kakanninmu, amma in aka tsare ɗayanmu aka tambaye shi me ya faru a Burmi, sai ya hau sosa ƙeya. Aka yi dariya, da yawanmu kuwa dariyar kunya ce. Nan aka yanke cewa za mu yi wasan kwaikwayo na abin da ya faru a 1903, daga yaƙin Giginya a Sakkwato ranar 15 ga Maris zuwa Burmi ranar 27 ga Yuli, a gayyato 'yan uwa na sauran makarantu, daga Juma'a zuwa Lahadi. Ni na makara zuwa mitin ɗin. Ina shiga na tarar an riga an ba ni masauki da abinci. Darasi na farko ke nan, kada ka makara zuwa mitin.

Ga shi a lokacin sufabaizana yana jiran babi na uku. Na ce a raina ai mako biyu ne a gama. Mako shida ya ci.

Bari in fara da masauki, don shi ya fi hana ni barci. Sunaye 58 aka turo mini daga Ife, Abekuta, Ogbomosho, Akure, Legas da Ilori. Na maza bai ba ni wahala ba. Na raba wasu ɗakunan 'yan uwa, kowane ɗaki ya ɗauki mutum biyu, sauran kuma na nufi Sabo. Wanda bai san Sabon Ibadan ba, unguwar Hausawa ce a gefen Mokola, tun 1916 aka kafa ta, akasari a kan cinikin goro da shanu. Za ka ga dattijo yana Hausa tsantsa, ya juya ya yi Yarbanci kamar ba shi ba, kuma a nan aka haifi babansa. Na je na durƙusa gaban wani dattijo mai kula da makarantar allo, na yi bayani. Tambaya ɗaya ya yi mini: “Suna tashi sallar asuba?” Na ce, “Baba, za su tashi.” Ya ba mu ɗakuna biyu da tabarmi, ko sisi bai karɓa ba.

Na mata kuwa wani abu ne daban. Mata 21 ne a jerin. Ranar Laraba da dare wata baƙuwar lamba ta kira ni, ashe mahaifin wata ɗaliba ne daga Potiskum. Ya tambayi sunana da sunan mahaifina da unguwarmu a Zariya, sannan ya ce, “Yaro, 'yata amana ce a hannunka daga lokacin da ta sauka mota har ta koma. In wani abu ya faru ba ƙungiya na sani ba, kai na sani.” Wallahi da ya kashe wayar sai da na zauna a bakin gado. Har zuwa lokacin ina ɗaukar abin a matsayin lissafin katifa ne kawai.

Allah ya haɗa ni da wata Hajiya mai sayar da abinci a Sabo, wadda yaranta mata duk sun yi aure, saman beninta ba kowa. Ta kafa sharuɗɗa uku. Ƙarfe tara na dare a rufe ƙofa. Namiji ko ni ne iyakata tsakar gida. Kuma duk wadda ta kwana gidanta za ta taya ta gyaran kayan miya. Muka yi na'am. Muka sa wata antinmu mai aure da ke digiri na biyu a fannin jinya ta kwana tare da su, ita ke riƙe da lambobin iyaye.

Yanzu ga laifina na farko. Na gama tsari ina jin kaina, na tura a zauren WhatsApp. Ba a yi minti biyar ba wata 'yar ajinmu 'yar Kaltungo ta rubuto: “Malam sakatare, su kuma 'yan uwanmu Kiristoci da ke zuwa daga Ife da Akure, a makarantar allon za su kwana su ma a tashe su asuba? Ranar Lahadi kuma ka sa taro ƙarfe takwas, coci fa?” Maza tara ne. Ga sunayensu a gabana baro-baro, 'yan Zonkwa da Pankshin da Numan, amma ko kaɗan abin bai zo mini a rai ba. Maimakon in ce na yi kuskure, sai na rubuta wai kada a kawo mana rarrabuwar kai. Ita ba ta sake cewa komai ba. Da safe ta kira ni ta ce ta yi magana da wata dattijuwa Bayarbiya a cocinsu, ta ba da falo da ɗaki ɗaya, an kuma samu katifu. Ta yi aikin da ni ya kamata in yi, bayan na gaya mata magana. Muka mayar da taron Lahadi ƙarfe goma sha ɗaya. 'Yar uwa, ki yafe mini. Muna cewa ƙungiyar ɗaliban Arewa, amma ni da na rufe ido zan zana ɗan Arewa, kamannina kawai na zana.

Abinci kuma ga yadda muka yi. Ci biyar ne, daren Juma'a, uku ranar Asabar, da karin safe na Lahadi. Mu 'yan gida kowa ya ba da naira 3,000, baƙi kuɗin motarsu kawai muka bar musu. Hatsi a Bodija muka saya, tumatir da albasa da tattasai a Shasha. Shawara ga 'yan Akure, kada ku tura ɗan digiri na biyu kasuwa shi kaɗai. Ni na je ina maganar mudu, masu kaya suna maganar kongo, na tsaya ina lissafi a waya. Hajiya ce ta karɓe takardar daga hannuna ta ce, “Ɗan nan, boko bai koya maka awo ba.” Da bakinta aka rage mana kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da na tsara kashewa. Wani Alhaji mai hatsi da ya ji abin da za mu yi ya ƙara mana buhun shinkafa ɗaya sadaka, wani mahauci kuma ya ba mu kai da ƙafa da kayan ciki a kan naman da muka saya.

Tsarin shi ne dafa-duka daren Juma'a, kunu da ƙosai da safe, shinkafa da miya da rana, tuwo miyar kuka da dare, shayi da burodi ranar Lahadi. A takarda abin gwanin sha'awa. Sai ga daren Juma'a motar Ilori ta iso Ojoo wajen ƙarfe goma da mutum 19 da ba sa cikin jeri. Wai sun ji labari ne suka biyo. Baƙi suka tashi daga 58 zuwa 77. Allah ya taimake ni duk maza ne, don gidan Hajiya an riga an rufe. Na kwashe su a tasi huɗu zuwa Sabo, aka ƙara shimfiɗa tabarmi a baranda. Tukunya kuwa an kusa kankare ta. Mu 'yan kwamiti bakwai muka haɗa namu kason muka ba su, aka ƙara da burodi da shayin mai shayin bakin titi, bashi. Mu kuma muka jiƙa garin kwaki da ƙuli ƙarfe ɗaya na dare. Ban faɗa don a yaba mana ba. Na faɗa ne don duk wanda zai karɓi taro ya ƙara kashi ɗaya cikin uku a kan yawan da aka ba shi. Mutanenmu ba sa zuwa da sanarwa, kuma ba a korar baƙo.

To duk wannan mai sauƙi ne a kan rabon matsayi a wasan.

Mutum tara suka ce su ne Sarkin Musulmi Attahiru. Ba abin mamaki ba ne. Mutum ne da bai kai wata shida a kan mulki ba Nasara suka iso, ya fita ya yi yaƙi, da aka fi ƙarfinsa ya ƙi zama a ƙarƙashinsu, ya nufi gabas jama'a suna ta bin sa, har ya faɗi a Burmi, can ƙasar Gombe ta yanzu. Wa zai ƙi? Gwamna Lugga bai yi wahalar samu ba, wani farin Bafulatani ɗan Mubi ya ce shi dama tun firamare ake ce masa Bature. Sojojin Nasara kuwa duk mun ɗauka abokanmu na Kudu za mu roƙa su sa kaki. Sai yayanmu na tarihi ya ce a'a. Ya ce Turawan da ke cikin rundunar 'yan kaɗan ne, hafsoshi. Waɗanda suka riƙe bindigogin baƙaƙen fata ne, kuma kaso mai yawa daga cikinsu Hausa suke ji, akwai bayin da suka gudu daga iyayen gijinsu suka shiga soja. Ɗakin ya yi tsit. Wani ɗan Argungu ya ce to shi a ba shi kaki, dama su Kabawa sun shafe shekaru suna fafatawa da Sakkwato da Gwandu. Aka yi dariya, amma daga ranar muka gane labarin nan ba a miƙe yake ba kamar yadda muka haddace.

'Yar Kaltungon nan ta sake ɗaga hannu. Ta ce ita a gidansu in ana labarin wancan zamani, labarin hawa dutse ake yi, don gudun mahaya masu kamun bayi. Ta ce za ta taya mu komai, amma ba za ta tsaya tana tafi kamar kakanninta ba su taɓa rayuwa ba. An yi zafi sosai a mitin ɗin. Wasu suka ce ana so a ɓata sunan magabata, mutum biyu suka ce in aka saka wannan sun fita. Yayanmu ya ce ba wanda ya ce a zagi kowa, amma kamun bayi ya faru, kuma su Nasaran ma da suka zo da sunan hana shi ba su soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. A ƙarshe aka amince da fitowa ɗaya ta minti huɗu, wata uwa a gindin dutse tana jin ƙarar bindiga daga nesa, tana tambaya ko wannan na nufin ɗanta da aka kama zai dawo. Ɗaya daga cikin masu cewa za su fita ya fita ɗin. Ɗayan ya tsaya, shi ya riƙe mata lasifika ma ranar wasan.

Sai Waziri Buhari. Ba wanda ya so. Shi ne wanda bayan yaƙin Giginya ya komo Sakkwato ya sadu da Nasara, har ranar 21 ga Maris aka naɗa wani Attahirun a gaban Lugga. A idon yawancinmu shi ne wanda ya miƙa wuya.

A nan laifina na biyu ya shigo. Abokina na ɗaki, Basakkwace, shekara biyu muna cin kwano ɗaya, tun ranar farko ya sa rai shi ne Attahiru. Har rawani ya sa aka aiko masa daga gida. Amma a gwaji muryarsa ba ta fita, in ya ga mutane sai ya riƙa haɗiye kalmomi. Wani yaro ɗan Azare kuwa in ya buɗe baki har tsigar jiki ke tashi. Kwamiti ya zaɓi ɗan Azare, kuma ni ma shi na zaɓa. Maimakon in koma ɗaki in gaya wa abokina baki da baki, tsoro ya sa na tura jerin a WhatsApp ina zaune a laburare. Da na dawo ya dube ni ya ce, “Mi kaka nuhi? A waya zan ji?” Na fara kame-kame. Ya ce, “Ai kai Waziri ya dace da kai. Mutane na zancen mutuwa da daraja, kai kana lissahin shinkafa.” Kwana tara ba mu yi magana ba, ɗaki ɗaya. Wanda ya taɓa zama da aboki a haka ya san nauyinsa.

Cikin fushi na je na ce a ba ni Wazirin. Da na karɓa kuma dole na karanta. Na tarar bayan an watse daga fagen yaƙi, Waziri da jama'a masu yawa sun tsaya a Marnona, ya nemi shawarar malamai, ciki har da Alƙalin Gwandu Ahmadu ɗan Sa'adu, kan ko ya halatta a zauna da waɗanda suka fi ƙarfinka matuƙar ba su hana salla da azumi ba. Daga baya ya rubuta risala yana bayyana wa masu ilimi dalilinsa, kuma a cikinta ana ganin mutumin da zuciyarsa ba ta kwanta da abin da ya yi ba. Na yi ta tunanin waɗanda ba za su iya tafiya gabas ba, tsofaffi, masu ciki, masu goyo, marasa dabba. Wani ne zai tsaya ya yi magana a madadinsu, kuma duk wanda ya tsaya ya san abin da za a riƙa faɗa a kansa. Na kuma gano cewa Waziri Junaidu, wanda da yawa daga abin da muka sani na tarihin Sakkwato ta hannunsa ya iso mana, ɗan wannan Wazirin ne. Waɗanda suka bi Attahiru kuma ba su ɓace ba, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da saura har Sudan, garin da suka kafa a bakin Shuɗin Nilu yana nan da sunansa har yau. Ban ce Waziri ya fi Sarki gaskiya ba, ni wa? Abin da na sani shi ne kafin wasan nan da raini nake kallonsa, yanzu kuwa ba na iyawa.

Ranar Asabar ƙarfe uku hadari ya haɗo, irin na Ibadan a watan Yuli. Ganuwar da muka kwana biyu muna haɗawa da kwalaye ta jiƙe ta kwanta tun Nasara ba su harba ko ɗaya ba. Dokin da muka yi haya ɗaya tak ya ji ganga ya ƙi motsi, Sarkin Musulmi ya sauka ya yi hijirarsa a ƙasa. Gashin bakin Lugga ya faɗi sau biyu. Mutane suna ta dariya, na ce shi ke nan mun zama abin wasa. Amma da aka zo wajen tuta dariyar ta tsaya. A Giginya akwai mutanen da suka tsaya a gindin tutar Sarkin Musulmi suka ƙi gudu, ana harbinsu suna faɗuwa. Ba mu da wanda zai riƙe tutar a ƙarshe, don yaron da aka ba ya kwana da zazzaɓi. Ina bayan labule sai na ga abokina ya fito da rawaninsa na gida ya ɗauke ta. Ba shi da kalma ko ɗaya da zai faɗa, ya dai tsaya cikin ruwa har aka harbe shi ya faɗi a taɓo. Dattawan Sabo da muka ajiye a layin gaba na ji suna salati.

Da uwar gindin dutse ta yi nata, ba a yi tafi ba, shiru aka yi, kuma ina ganin shirun ya fi. Ni kuma da na fito a Waziri wani daga baya ya yi ihu, “Maci amana!” Aka yi dariya kaɗan. Gwiwata ta yi sanyi, amma na faɗi abin da aka rubuta mini har ƙarshe. Bayan an tashi dattijon makarantar allon nan ya riƙe hannuna ya ce a gidansu an ce ƙanen kakansa ya bi Sarkin Musulmi gabas, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, kakan nasa kuma ya tsaya saboda tsohuwarsu. Ya ce, “Da shi ma ya tafi, da wa zai ba ku ɗaki a Badun?” Ya yi dariya ya tafi alwala.

Da dare ina kankare tukunyar tuwo a tsakar gidan Hajiya, abokina ya zo ya tsuguna ya ɗauki soso. Ya ce, “Waziri, miƙo omo.” Iyakar sulhun ke nan. Amma ni ban ba shi haƙuri da baki ba, shi ya sa nake yi a nan. Zaɓen da na yi ina nan a kansa, yadda na sanar da kai ne ban kyauta ba. Ka yafe mini.

Ranar Lahadi sai da na ga motar ƙarshe ta tashi, na kira mahaifin nan na Potiskum na ce ta kama hanyar makaranta, da yamma kuma ita ta kira ta ce ta sauka lafiya. Ya sa mini albarka har na ji kunya. Babi na uku kuwa an dawo mini da shi ja-wur, wannan labarin wata rana ne.

'Yan Akure, ga abin da zan bar muku. Ku fara da masaukin mata kafin komai, ku sa mace babba a kai. Ku karanta jerin sunaye sau biyu ku tambayi kanku wa kuka manta. Ku nemi dattawan unguwar Hausawan garinku tun da wuri, ku je da ƙafa, ban da waya. Ganuwa kuma kada a yi ta kwali.

Har yanzu ana bin mu naira 46,000, na mai rumfa da mai shayi da gas ɗin Hajiya. Ita ta ce a bar nata, mu muka ce ba za a bari ba. Wanda Allah ya hore wa ya tuntuɓi ma'ajinmu. Sannan an bar caja biyu, hula zanna ɗaya da takalmin mace ƙafar hagu a Sabo. Kular Hajiya babba mai ruwan ɗorawa kuma ba a gan ta ba tun daren Asabar. 'Yan Ilori, ba zargi ba ne, amma a duba bayan mota.

Allah ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya, waɗanda suka tafi da waɗanda suka tsaya da waɗanda suka hau dutse. Allah ya ba mu sa'ar abin da ya kawo mu Kudu, ya mai da mu gida lafiya.